Ranar da Sama Ta Zubo da Kifi

A can zamanin da, an yi wani sarki mai saurin hukunci. Ya aiki manzanni biyu, Jatau da Barde Kure, su kai wa sarkin gabas kyautar takobi mai ƙotar azurfa. Ba su isa ba suka dawo hannu wofi, fada kuwa ta cika maƙil.

Barde Kure ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, Jatau ne ya sayar wa fataken gishiri da takobin a zango." Fadawa suka gyaɗa kai, don magana ce da hankali ke ɗauka.

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, muna tsakiyar daji, ba kogi ba tafki, sai guguwa ta taso, sama ta yi ta zubo da kifi, tarwaɗa masu rai suna tsalle a kan yashi! Raƙumina ya firgita ya kayar da ni. Da na farfaɗo, babu takobi."

Fada ta kwashe da dariya. Sarki ya fusata, ya ce a kira hauni ya fille masa kai.

Waziri Alu shi ma bai yarda ba, amma wani abu ya tsaya masa a rai: mai neman tsira da wuyansa, me zai sa ya zaɓi labarin da ba wanda zai gaskata? Ya miƙe da sauri, ya roƙi a ba shi zuwa la'asar. Sarki ya amince.

Waziri ya keɓe Jatau, ya ce, "Bar zancen kifin nan. Ka ce 'yan fashi ne, ni zan fishe ka."

Jatau ya ce, "Waziri, ina son raina, amma kifi na gani."

Sai Waziri ya keɓe Barde Kure a wani ɗaki, ya ce, "Sarki na kokwanto, wai fataken gishiri ba su da abin sayen irin wannan takobi. Da dai fataken dawaki ne."

"Af! Ai na dawaki ne! Bakina ne ya suɓuce."

"A zango ko a kasuwa?"

"Wanne ne Sarki zai fi yarda da shi?"

Waziri ya yaye labule, sai ga Sarki a tsaye, ya ji komai! Dogarai suka ruga gidan Barde, suka zaro takobin daga ƙarƙashin gero a rumbu. Nan take aka tuɓe masa rawani, aka kore shi daga ƙasar. Jatau kuwa aka yafa masa alkyabba.

Sarki ya dubi Waziri, ya ce, "To, kai yanzu ka yarda an yi ruwan kifi?"

Waziri ya yi murmushi. "Allah ya ja zamaninka, har yanzu hankalina bai ɗauka ba. Amma na yi wa Jatau tayin ransa ya sauya labarin, ya ƙi. Shi na yarda da shi."