Dabinuwar Iya Tambai

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta!

"Shekara uku, ko ƙwaya ɗaya!"

"Ai ke kika jawo."

"Ni? Ni da nake wahala da ke?"

Iya Tambai ce ke faɗa da dabinuwarta a bayan gida. Tsohuwa ce, ita kaɗai, 'ya'yanta duk sun yi nisa. Da can bishiyar dabino biyu gare ta, ɗaya mai 'ya'ya, ɗaya sai fure kawai. In dabino ya nuna sai yaran unguwa su cika gidan, "Iya a san mana, Iya a san mana!" Ta yi ta korarsu tana jin daɗi. Ran nan sai ta harari mai furen, ta ce, "Ci-ma-zaune!" Sai ta sa aka sare, aka yi azara. Tun daga nan ɗayar ta daina haihuwa. Yara ma suka ɗauke ƙafa.

Sai Iya ta kwarara mata ruwa tulu goma. Ta ce, murya na rawa kamar ta akuya, "Shaaa, 'yar nan, shaaa!"

Dabinuwa ta ce, "Ba ƙishirwa nake ji ba."

Sai ta jibga mata takin awaki.

"Ba yunwa nake ji ba."

Sai ta ɗauko gatari, tana haki. "Ko ki haihu, ko ki bi 'yar'uwarki!"

"Wace 'yar'uwa? Mijina ne kika sare, Iya. Garin furensa iska ke kawo mini. Kin taɓa ganin wadda ta haihu ita kaɗai?"

Gatari ya faɗi, tim.

Sai Iya ta ɗauki sandarta, ƙwas, ƙwas, ƙwas, har garin masu dabino, neman furen namiji. Mai gona ya ce, "Ayya Iya, kin makara. Fure ya bushe, sai baɗi."

Ta dawo hannu rabbana. Gida tsit, ko kaza babu. Ta zauna, ta jingina da gindin bishiyar.

Dabinuwa ta ce, "Ina angon?"

"Sai baɗi."

"Za ki kai baɗin?"

Iya ta daɗe tana kallon ƙofar da ba mai shigowa. Can ta gyara ɗankwali, ta ce, "To ni dai ga ni. In ba ki raina ni ba, a ɗaura auren da ni."

Sai ta ƙara jingina da dabinuwar, su biyu suna jiran baɗi.

Kurunkus kan kusu, na sauke. Wanda kuka ga kamar ba ya komai a gida, ku tambaya tukuna kafin ku ɗauko gatari.