Feshin da Dehai Ya Yi a Ɓoye

A wani ƙauye na lardin Shandong a ƙasar Sin, inda rumfunan leda na noman kayan lambu suka fi gidaje yawa, an yi wani manomin tumatir mai suna Pang Dehai. Mutum ne mai ƙwazo, ba ya gudun aiki, sai dai ba shi da haƙuri ko kaɗan. In ya shuka iri da safe, kafin yamma ya tona ya ga ko ya tsiro.

Shekara da shekaru shi da matarsa Suyun, uwar 'yarsu Lili, suna feshin maganin ƙwari a rufaffiyar rumfa, har ƙirjinta ya kamu. Likita ya gargaɗe su cewa huhunta ba zai ƙara ɗaukar wannan wari ba. Suyun kuwa ba ta iya zaman gida. Sai ta koyo dabara a wurin ƙungiyar manoma. Ta shuka na'ana'a da ɗaɗɗoya da tafarnuwa tsakanin layukan tumatir, don ƙamshinsu ya rikita ƙananan fararen ƙudajen nan masu tsotse ganye. Ta kuma sako wasu mitsi-mitsin ƙwari masu cinye 'ya'yan ƙudajen.

Ba a jima ba Dehai ya ɗaga wani ganye, fararen ƙudaje suka tashi. Ya dawo gida yana huci, ya tarar da ita tana dama kunun gero.

"Maman Lili, gona muke yi ko miya? Kin cika mini rumfa da kayan ƙamshi, ƙudaje sai godiya suke miki!"

"Baban Lili, raguwa suke yi, kai ne ba ka lura ba," in ji ta. "Abin a hankali yake aiki. Ka ba shi lokaci."

"Lokaci? Kafin bikin sabuwar shekara sun cinye har ledar!"

Ta yi dariya, tari ya katse ta. "Ni dai ka yi mini alkawari ba za ka taɓa injin feshin nan ba."

Ya yi alkawarin, bakinsa cike da kunu.

Ranar da ta tafi gaishe da mahaifiyarta a ƙauyen gaba, Dehai ya goya injin. Ya ninka maganin, ya feshe rumfar lungu da saƙo, ya rufe kowace kafar iska don ya kama sosai. Ya ce a ransa kafin ta dawo gobe warin ya fita. Daga nan ya tafi wurin abokai shan shayi.

Suyun ba ta kwana ba. Ta dawo da rana tsaka, ta hango rumfa a rufe ruf cikin zafi, ta ɗauka mantuwa ya yi. Ta shiga da sauri don ta buɗe kafofin iska. Wata maƙwabciya ce ta tsince ta a durƙushe bakin ƙofa, tana neman numfashi.

A asibiti Dehai ya tsaya jikin bango yana kallon robar iska a hancinta. Babu abin da ƙarfinsa zai iya yi. Yayanta Gensheng ya zo, ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai ka fesa?"

Dehai ya sunkuyar da kai.

Rumfar ma ba ta tsira ba. Maganin ya kashe ƙwarin da Suyun ta sako, ya kashe ƙudan zuman da ke barbarar fure. Fararen ƙudajen kuwa sun saba da shi, suka dawo ninki, babu mai cin su. Fure ya zube, ganye ya naɗe ya yi rawaya. Kullum Dehai yakan shiga ya tsaya tsakanin layuka, hannu a sake. Ba ya iya ƙara feshi, ba ya iya dawo da abin da ya kashe.

Da aka sallamo Suyun, likita ya hana ta shiga rumfa har abada. Tana zaune bakin taga, ta tambaye shi a hankali, "Baban Lili, tumatirin ya fara ja?"

Ya durƙusa gabanta ya riƙe hannunta.

Mai karatu, abin da ke gyaruwa a hankali, kada ka ce ba ya gyaruwa. Gaggawar yini ɗaya tana rushe aikin da wani ya daɗe yana yi, kuma sau da yawa ba mai gaggawar ke fara shan wahalarta ba, wanda ya amince da shi ne. In ka yi alkawari ka riƙe shi, in ka karya ka faɗa da wuri, domin akwai ɓarnar da nadama ba ta gyarawa.