Kada Ki Motsa, Mama

Akwai wani mai zane da ake wa laƙabi da Mai Ido, domin ko ƙwayar tabo ce a fuskar mutum ba ta wuce masa. Baiwa kam Allah Ya ba shi, sai dai gidansu ya sha wuyarta. In ya shiga ɗakin aiki, ko tari ba a yi.

Shekara uku yana zana mahaifiyarsa. Kullum da hantsi zai zaunar da ita a kujerar bakin taga. Da ta buɗe baki sai ya ɗaga hannu.

"Kada ki motsa, Mama, haske zai gudu."

Sai ta haɗiye maganarta.

Ranar baje kolin zanensa, mutane suka yi cincirindo a gaban hotunanta goma sha biyu, ana ta yabon wani farin haske da ya sa a idanunta. Gogan naka sai hura hanci yake.

Wata likitar ido da ta zo kallo ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ja shi gefe ta tambaye shi wane asibiti yake kai ta. Ya ce ai lafiyarta ƙalau.

"Malam, wannan ba haske ba ne, yanar ido ce. Ka zana yadda take ƙaruwa tun daga hoton farko. A na ƙarshe da wuya in tana ganin komai."

Ya bar baƙinsa a tsaye, ya nufi gida.

Ya tarar da ita a kujerar nan. Ya ɗauko farin allo da ko ɗigon fenti babu, ya ce ta ga sabon zanensa.

Ta yi murmushi. "Ya yi kyau, ɗana. Allah Ya ƙara basira."

Nan ya durƙushe yana kuka, yana tambayar me ya hana ta faɗa masa.

Ta lalubo kansa ta dafa. "Ai ka ce kada in motsa. Kuma kullum idona kake kallo, na ɗauka ka gani."

An yi mata aiki. Idon dama ya dawo, na hagu an makara.

Darasi: Baiwar da ta hana ka sauraron na gida ta fara cin ka. Yau ka tambayi mahaifanka lafiyarsu, ka jira amsar. Ku tura wa duk wanda aiki ya ɗauke masa hankali.