Jinin da Aka Hana Afra'u

An yi wani mutum, ɗan kasuwar wake, da ya kamo hanyar Dogon Dutsi daga wani ƙauye a bayan Ɗan Kassari, wata Talata cikin damina. Su uku ne a kan moto, wato babur: shi, da matarsa Zubaida, da 'yarsu Afra'u a tsakiya. Kayansu: tabarma, buta, zane biyu, katin awon yarinyar, da gorar kunun da ta kwana biyu ba ta sha ba. Ba zan faɗi sunansa ba. Yana nan da rai.

Afra'u shekararta uku. Zazzaɓin sauro ya shanye mata jini, tafin hannunta ya yi fari fat. A asibitin ƙauye aka ce a wuce da ita gari, sai an ƙara mata jini.

Wata biyar kafin wannan rana, mutumin ya kai wake bakin iyaka. Ya shiga ɗakin wata mata. Ta miƙa masa roba, ya ce ba ya so. Daga baya wani direba ya ba shi labarin matar ta rame, an mayar da ita garinsu. Direban bai ambaci sida, wato ƙanjamau, ba. Shi ya faɗa wa kansa.

Tun daga nan, kowace ranar kasuwa in an gama awon wake sai ya hau sikeli, wai wasa yake. Yana duba harshensa a madubin moto. Ƙurji ɗaya ya fito masa a wuya, ya yini yana taɓawa. Gwajin kyauta ne, ba ya cin rabin awa. Ya wuce ta ƙofar wurin gwajin ya fi sau ashirin, bai shiga ba. Kuma bai ƙaurace wa shimfiɗar matarsa ba. Sahun farko a masallaci kuwa bai taɓa kuɓuce masa ba.

Ranar Talatar nan suka isa asibiti da hantsi. Mai ɗakin awon jini, wani Kirista mai suna Célestin, ya ce jinin yarinyar irin wanda ba a cika samu ba ne, kuma na ajiya ya ƙare, yara sun yi yawa bana. Zubaida ta miƙa hannunta.

"Ke da juna biyu? A'a, madam."

"To na babanta. An taɓa auna su, iri guda ne."

"Mun gode Allah. Malam, naɗe hannun riga. Mu gwada shi tukuna."

Mutumin ya ce, "Gwajin mi?"

"Wanda ake yi wa kowa. Sida, ciwon hanta, da sauransu. Ba a sa wa yaro jinin da ba a gwada ba."

Ya dubi allurar. Ya ce bai ci komai ba tun safe, kansa na juyawa.

Célestin ya ce, "Mai shayi na nan bakin ƙofa. Minti goma, malam. Ɗiyarka ba ta da fiye da haka da yawa."

Ya fita. Ya wuce mai shayi. Ya wuce tashar moto. Ya shiga wani masallaci, ya kashe wayarsa, ya kabbara. Nafila bayan nafila, yana roƙon Allah ya kawo wani mai irin jinin. Aka yi azahar da shi a sahun farko. Aka watse, ya zauna.

Ya 'yan uwa, wa yake yi wa wayo? Yana roƙon Allah ya aiko da jini, alhali jinin yana gudana a hannuwan da ya ɗaga.

Célestin ya jira awa guda, don ya ɗauka uban na dawowa. Zubaida ta bi benci-benci tana roƙon mazan da ba ta sani ba. Bakwai suka naɗe hannun riga, babu wanda nasa ya dace. Célestin ya kira wani malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tibiri, Abdussalamu, mai irin jinin. Malamin ya bar aikinsa ya hau mota. Bai san yarinyar ba, bai san ubanta ba. Ya iso bayan la'asar.

Afra'u ta cika kafin a kira la'asar.

Da mutumin ya dawo, ya tarar an lulluɓe ta da zane na biyu. Ya ce jiri ne ya kayar da shi a hanya. Zubaida ta dube shi, rigarsa ba ƙura ko kaɗan. 

A wurin gaisuwa mutane suka yi ta cewa kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, ajali na Allah ne. Amma za a tambayi mutumin nan inda yake daga hantsi zuwa la'asar.

Ku lura da kyau. Zinar laifi ce babba, amma ƙofar tuba a buɗe take. Cutar kuma tana da magani. Akwai masu ita a cikinmu, suna shan ƙwayarsu, suna noma, suna haihuwar 'ya'ya lafiyayyu, da yawansu ma ba su aikata komai ba, kawo musu ita aka yi har ɗaki. Da ya ja Célestin gefe ya faɗa masa gaskiya, ba wanda zai ji, kuma da tun hantsi aka kira Tibiri. Me ya tsare? Sunansa. Ya auna sunansa da ran 'yarsa, sunan ya rinjaya.

Zubaida ta koma gidan mahaifinta a Tibiri. Bayan sati biyu mutumin ya je ya yi gwajin a inda ba a san shi ba. Ba shi da komai. Ya fito yana murmushi.

Ya ɗauki takardar ya nufi Tibiri, yana ganin za ta wanke shi. Zubaida ta fito ƙofar zaure. Ya faɗa mata duka: matar bakin iyaka, sikelin wake, masallacin. Ya miƙa mata takardar. Ta yi lakwal, ta karanta da kanta.

A da Baban Afra'u take ce masa. Ranar ba ta kira shi da komai ba.

"Wato jininka lafiya lau yake."

"Wallahi lafiya lau, Zubaida. Allah ya rufa mana asiri."

"Ran nan ma lafiya lau yake."

Ta ƙara da cewa:

"Kuma wata biyar kana shigowa ɗakina, kana zaton kana da ita."

"Tsoro ne, Zubaida. Ki gafarce ni."

Ta ninke takardar, ta saka masa a aljihun gaba.

"Riƙe ta da kyau, ita ka zaɓa. Ka kai ni gaban liman ko gaban alƙali, ba ni komawa. Wanda ke cikina nan zan haife shi. Ran da ya tambaye ni yayarsa, zan gaya masa inda kake ran da ta cika."

Ta shiga, ta rufe ƙofa, ya ji ƙarar sakata.

Allah ya kiyaye mu daga zina, ya kiyaye mu daga tsoron da ke sa mutum ya ɓuya a ɗakin Allah 'yarsa na mutuwa. Amin.