Ƙoƙon Bayan Tsoho Kunkuru

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Kuraye suka faɗa wa garin dabbobi, suka kashe ɗan barewa. Tun daga ranar Giwa, sarauniya mai son jama'arta, ta tsaya bakin ƙofa tana bincikar kowa. Sai ga tsoho Kunkuru.

Giwa ta ce, "Baba, cire ƙoƙon bayanka in duba ciki."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, in na cire shi mutuwa zan yi."

Ta ce, "Tsoro nake ji kada in sake rasa wani."

Ya ce, "Na sani, 'yata. Amma in kika kashe ni garin tsare ni, ai kin hutar da kura."

Giwa ta ɗauke shi da hancinta a hankali, ta shigar da shi gari.

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan ɗan ɓera.