Injin da Aka Hana Ɗigo

Akwai wani mutum mai kula da injin tura ruwa, wanda ya rantse cewa tun ruwan tufana ba a yi ambaliya irin wadda ta same shi ba. Ambaliyar kuwa ɗigo ce. Injin nan shi ke tura ruwa ta bututu zuwa wani gari a kan tudu, kuma a wuyansa, inda sandar ƙarfe ke juyawa, ruwa na ɗiga ɗis, ɗis, a kan farin takalmin mutumin.

Ya kai kuka wurin injiniya. "Ranka ya daɗe, mutum kamata, wanda ake ce wa Oga a kasuwa, in riƙa yawo kamar masunci?"

Injiniya ya ce, "Baba, ƙyale shi ya ɗiga. Ɗigon ne ke sanyaya ƙarfen. Ka tara bokiti."

Bokiti! Shi! Injiniya na juya baya, ya ɗauki sifana ya matse notinan wuyan tamau. Wuri ya bushe ƙarau, ya yi ta taku yana fito.

Ba a daɗe ba sai ƙauri, sai hayaƙi. Sandar ta yi zafi ta cinye, inji ya tsaya cak. Garin tudu ya koma shan ruwan kududdufi, yara suka kwanta da ciwon ciki. Mutumin ya zagi waɗanda suka ƙera injin, ya zagi magabta, har masu ba da wuta bai bari ba.

Da injiniya ya dawo, ya dafa notin, ya ce, "Wa ya matse wannan?"

Ya sosa ƙeya. "Ni ne. Amma ranka ya daɗe, dubi yadda wurin ya bushe."

"Garin ma ya bushe. Kawo makullin ɗakin injin, an sallame ka."

Ga ma'anar misalin, ko da yake na san ba za ku gode mini ba. Injin zuciyarka ce, ɗigon kuwa hawayen tuba. Muna shigowa sujada a goge, a tambaye mu ya gida, mu ce lafiya lau, alhali ciki na ƙauri. Mun matse ido don kada a ce dattijo ya yi kuka. 'Yan'uwa, Ubangiji bai ji kunyar hawayenka ba, kai ne ka ji. Ran da ka ƙone kuma, ba kai kaɗai ba ne: matarka da 'ya'yanka, da duk mai sha daga hannunka, su za su kwana da ƙishi.