Rahoton Da Aka Rufe Sau Uku

Ranar Talata ce. Hadari ya haɗo tun safe, ruwan ya ƙi sauka, kowa sai zufa yake.

Akwai wani ma'aikaci a wani ɗan kamfani da ke saman bene, bisa shagon masu sayar da taya. Aikin kamfanin gadi ne, amma ba na ƙofa ba. Suna gadin manyan kwamfutocin nan da ake kira saba, inda asibitoci da makarantu ke ajiye bayanansu.

Mutumin nan shi ya rubuta 'yar manhajar da ke leƙa kowace saba duk minti goma sha biyar, ta dawo ta faɗi yadda rumbun ajiyarta ya cika. In da sauran wuri, allo ya nuna kore. In ya kai kashi casa'in, ya nuna ja, ƙararrawa ta yi kuka.

Na-Gama ake kiransa, don ko me ka tambaye shi, amsarsa ke nan. Ya iya aiki, wannan ba ƙarya. Ciwonsa ɗaya, ya san ya iya.

Mai zama gaban allon kuwa wata dattijuwa ce da duk ofishin ke ce wa Gwaggo. Da can buga takardu take yi. Jikoki uku ne a hannunta, da wannan aikin take riƙe su. Ba ta san yadda ake rubuta manhaja ba, amma tana da wani littafi mai baƙin bango, safe da rana tana kwafe lambar kowace saba da biro.

Wata huɗu kafin wannan rana, ta ga abin da bai kwanta mata ba. Wata tsohuwar saba da ake gwaji da ita ta nuna casa'in da bakwai, ta nuna casa'in da tara, sai kuma ta faɗo goma, allo ya koma kore. Ta bi kowa ta tambaya, ba wanda ya share komai. Ta rubuta rahoto a wurin da ake shigar da ƙorafin manhaja.

Na-Gama ya rufe shi da kalma uku: "Lafiya lau take."

Ta sake rubutawa. Ya rufe. Karo na uku ya rubuta mata: "A bar aikin manhaja ga masu shi."

Bai tsaya nan ba. Ya sami Manaja ya ce Gwaggo tana tayar wa abokan hulɗa hankali da waya a kan abin da bai kai ya kawo ba. Manaja ya kafa doka: ba a kiran kowa sai allo ya yi ja.

Shi Na-Gama a 'yan kwanakin nan hankalinsa na wani wuri. Manaja na son a ƙara wa manhajar zane-zane masu launi da tura saƙo a waya, don a nuna wa baƙi ranar Alhamis mai zuwa. An kuma yi masa alkawarin shugabancin sashe in ya gama.

To, a wannan Talatar, wajen sha ɗaya, Gwaggo ta tsaya a bakin teburinsa da littafinta.

"Ɗana, sabar masu gwajin jini. Da safe saba'in da ɗaya. Yanzu goma."

Bai ɗago ba. "Wane launi allon ya nuna?"

"Kore."

"To ki je ki yi murna. Sun share tarkacensu."

"Mutanen da ko kwalin banza ba sa zubarwa? Ka duba mana, minti biyar."

Ya buga tebur har kofin shayinsa ya yi tsalle. "Gwaggo, shekara shida manhajar nan tana aiki. Ni na rubuta ta. Ke da biro za ki koya mini? In allon ya ishe ki, a nemo miki tafireta ki koma."

Samarin ofis suka sunkuyar da kai suna murmushi. Gwaggo ta dube shi, ta rufe littafinta.

"Allah ya ba ka haƙuri," ta ce, ta koma kujerarta.

Ƙarfe biyu da rabi wayar Manaja ta ɗauki ƙara. Mai ɗakin gwajin jinin ne, muryarsa har tsakar ofis ana ji. Ashe da hantsi ma'aikatansa sun juye hotunan shekara guda cikin sabar a lokaci ɗaya, rumbun ya cika maƙil. Duk sakamakon gwajin da aka yi tun daga lokacin bai shiga ba. Mutum sittin da wani abu sai an sake ɗibar jininsu, har da wata mai ciki da aka kawo daga nesa a motar haya.

Manaja ya fito idonsa jajir. Kai tsaye ya nufi Gwaggo.

"Me aka ajiye ki yi a nan? Don ado?"

"Ranka ya daɗe, allo bai yi ja ba. Kai ka ce kada a kira."

"Rumbu ya cika a ce bai yi ja ba? Gyangyaɗi kika yi."

"Tambayi Na-Gama. Ga shi nan zaune."

Manaja ya juya. "Kai, akwai wani abu a manhajar?"

Na-Gama ya tuna Alhamis, ya tuna kujerar da aka yi masa alkawari. Ya zuba wa wayarsa ido.

"Manhaja lafiya take," ya ce.

"Kin ji. Tattara ki tafi. Gobe ƙarfe tara ki zo ki karɓi takardar sallama."

Ba ta roƙi kowa ba. Ta ɗauki jakarta da 'yar kwalbar man zafin da take shafa wa gwiwa. Da ta zo wucewa ta gabansa, ta ajiye masa littafin.

"Riƙe. Ni ba ni da allon da zan kwafa yanzu."

Bayan la'asar ofis ya yi shiru. Na-Gama ya buɗe rubutun manhajar, wai don ya tabbatar wa kansa tsohuwar ce ba ta gane ba. Ko minti biyar ɗin da ta roƙa bai cika ba ya ga wurin.

Layi ɗaya ne, da hannunsa ya rubuta shi shekara shida baya. Ya umarci manhajar ta ɗauki lambobi biyu na farko kawai, don a lokacin bai kawo a ransa za a bar rumbu ya kai ɗari ba. Duk sanda saba ta ce 100, sai manhajar ta tsinci 1 da 0 ta watsar da na ƙarshen. Rumbu cike, allo na cewa goma.

Ya gyara layin. Ko minti ɗaya bai ɗauke shi ba. Ya waiga, ba wanda ya gani. Ya kashe kwamfuta, ya ɗauki littafin Gwaggo, ya sauka.

A gida ya yi wa kowa faɗa. Ya yi wa yara faɗa a kan takalma a bakin ƙofa, ya yi wa fanka faɗa don tana ƙara. Matarsa ta ajiye masa abinci ta zauna tana kallonsa.

"Baban yara, wa ya taɓa ka? Fankar nan shekararta uku tana wannan kukan."

Ya ba ta labari, yana tsallake inda bai yi masa daɗi ba. Ita kuwa ta san mijinta, ta ciko wuraren da kanta.

"Gwaggon da ta zo ta wuni da ni a asibiti lokacin haihuwar auta?"

"Ita."

"To ka gyara abin?"

"Na gama."

"Ka gama da na'ura. Matar fa?"

"In na buɗe baki, shugabancin ya tafi. Ke ba ki san yadda ofis yake ba."

"Ban sani ba kam. Abin da na sani, in ka hau kujerar nan, kada ka kawo mini ko sabulu daga cikinta. Ba zan yi wa 'ya'yana wanka da abincin jikokin wata ba."

Ta ɗauke kwanon da bai taɓa ba ta shige ciki. Ya zauna shi da littafin nan mai baƙin bango. Ya buɗe. Shafi bayan shafi, lambobi a jere, ba ranar da ta tsallake. A gefen ta yau ta rubuta da ƙananan baƙaƙe: "Na faɗa masa, 11:05."

Washegari ya riga mai shara zuwa. Ya buɗe rahotannin nan uku da ya rufe, ya buga su a takarda har da amsoshinsa, ya haɗa da layin da ya gyara a ɓoye. Da Manaja ya iso, ya tarar da su a kan takardar sallamar Gwaggo, Na-Gama na tsaye.

"Mene ne wannan?"

"Laifina ne, Oga. Sau uku ta rubuta, jiya kuma ta zo da bakinta. Ƙarya na yi maka."

Manaja ya karanta, ya yi masa tatas har masu taya a ƙasa suka ji. Ya ce ya manta da maganar shugabanci, kuma shi da kansa zai je ya tsaya gaban mai ɗakin gwajin jini ya yi bayani. Sannan ya yaga takardar sallamar.

Ƙarfe tara Gwaggo ta hawo benen a hankali, tana dafa gwiwa. Ta tarar an goge mata tebur, littafinta na kai, Na-Gama ya jawo kujera ya ajiye kusa da tata.

"Gwaggo, ki yafe mini," ya ce, a gaban samarin da suka yi murmushi jiya. "Akwai wata lambar da ba ta kwanta miki ba?"

Ta ajiye jaka, ta sa tabarau, ta lashi yatsa ta buɗe shafi.

"Zauna," ta ce. "Guda biyu ne."

Darasi: In na ƙasa da kai ya ce ya ga ɓaraka a aikinka, tashi ka duba kafin ka buɗe baki. Kuma gyaran da ka yi a ɓoye, alhali wani na ɗauke da laifinka, ba gyara ba ne. Ku tura wa duk wanda kuka san ya fi son ƙara wa aikinsa ado a kan ya saurari mai ƙorafi.